Zaren Ƙasa

Shekara uku kan keken na ƙarƙashin gado,
naɗe cikin tsohon zanen Laure.
Ƙafafunsa na jingine a zaure,
gizo-gizo ya yi musu nasa ɗinkin,
ba allura, ba zare.

Ran Asabar Murja ta dawo daga Islamiyya
da hijabi a hannu, ƙusa ta keta shi
tun daga kafaɗa har ƙasa.
Na ce a kai wa Barmo tela a Ƙofar Marusa.
Ta ce, "Kaka, alkawarin Barmo sai mai tsawon rai,
ga na Inna can a ɗaure."

Ni da na yi shekara talatin
ina haɗa bututu a Hukumar Ruwa,
noti ba ya ba ni tsoro.
Na kafa ƙafafu, na ɗaure tebur,
ɗaya ta yi ɗingishi, na cusa mata murfin kwalba.
Na ɗora kan, ya zauna daram a gurbinsa.
Bel ya bushe kamar kilishin bara,
na rage shi, na huda, na maƙale da waya.
Mai ɗigo-ɗigo, kowane rami da rabonsa,
sai ƙamshin ya tashi,
ƙamshin hantsinta in ta gama shara ta zauna,
rediyo a taga, bakinta da fil a jere.

Na taka, ya koma da baya.
Na sake takawa, ya tsinke.
Murja ta danne dariya da tafin hannu:
"Ba haka take yi ba.
Hannu ke fara tura wili, sannan ƙafa ta karɓa.
Allurar ma a juye ka sa ta,
kwarminta hagu yake kallo."
Yarinyar da na ɗauka tsintar ƙyalle take a gindin keke,
ashe karatu ta ɗauka, ta tsare.

Idona bai ga kafar allura ba, ita ta zura.
Na zame ɗan murfin ƙarfe, na laluba ƙasa,
na zaro ƙoshiya.
Kwarkwaro na ciki, rabin naɗi,
wanda ta naɗa da kanta
makon da muka kai ta asibiti.
Ban san abin da ta so ɗinkawa ba.
Murja ta ce, "Hijabin fari ne, a sake."
Na ce a bari, na ƙasa ne, wa zai duba?
Na mayar da shi yadda na same shi, kore.

Allura ta nutsa, ta ɗauko bakinsa.
Sai ranar na gane abin:
na sama ya sauka, na ƙasa ya tarye shi,
su sarƙe a tsakiyar yadi inda ido ba ya kai.
In ɗaya ya cika ja, yadi ya tattare.
Shekara arba'in da ɗaya
ina zaton ni kaɗai ke riƙe da gidan nan.
Na sunkuyar da kai, na daure.

Layina ya karkace kamar burtali,
amma yana tafiya.
Ladan ya kira la'asar, ban tashi ba.
Saura taƙi guda a kai gefe
sai sautin ya sauya, ya yi sakayau.
Keke na gudu, allura na huda,
ramuka na bin juna, ba su riƙe komai ba.
Koren ya ƙare.

Na ɗage ƙafa.
Murja ta naɗa fari a kan kwarkwaron nan dai,
ta ƙarasa a tsaye,
don in ta zauna ƙafarta ba ta kai feda.
Gobe za ta shiga aji, fari tas a waje,
sai wanda ya juya cikin zai ga inda muka tsaya tare.

Tana kaɗe zare daga cinyarta ta ce,
"Kaka, aljihun rigarka ma ya ɓarke."
Na ce, ɗauko ta, kafin dare.